Sarkoidosis: Cutar da ke shigar burtu a ƙwaƙwalwa da jijiyoyi

Mutum ya wayi gari bakinsa ya karkace, ido ɗaya ya ƙi rufuwa. Wasu za su ce shanyewar ɓarin jiki ce, wasu su ce iska. A wasu 'yan lokuta, cutar sarkoidosis ce ta taɓa jijiyar fuska.

Cutar tana faruwa ne idan garkuwar jiki ta tara wasu ƙananan ƙulluka na kumburi a sassan jiki. Huhu ta fi kamawa, kusan kashi 90 cikin 100 na masu ita. Kashi 5 zuwa 10 kuma takan kai ga ƙwaƙwalwa, laka ko jijiyoyi, ta jawo dishin gani, farfaɗiya, ciwon kai ko raunin ƙafafu. Idan ta taɓa gindin ƙwaƙwalwa, sai ƙishirwa da yawan fitsari, har a zaci ciwon suga ne.

Babu gwajin jini guda da ke tabbatar da ita. Likita zai nemi hoton MRI, ya ɗebi ruwan laka ta gadon baya, ya ɗauki hoton ƙirji. Hujja mafi ƙarfi ita ce a yanko ɗan nama a duba. Tun da taɓa ƙwaƙwalwa na da haɗari, akan ɗebo daga kaluluwar ƙirji ko fata.

A ƙasa irin Najeriya, inda tarin fuka ya yi yawa, a nan gizo ke saƙar. Tarin fukan da ya kai ga ƙwaƙwalwa yana kama da sarkoidosis a hoto da ruwan laka, alhali maganin sarkoidosis danne garkuwar jiki yake yi. A ba mai tarin fuka shi kaɗai, ƙwayar cutar ta samu sake. Shi ya sa dole a fara binciken tarin fuka.

Akan soma da prednisolone, ko methylprednisolone ta jijiya idan abin ya tsananta. Daɗewa a kansu na kawo ƙiba, hawan suga da lalacewar ƙashi, don haka ake haɗawa da methotrexate ko azathioprine. Idan ta yi taurin kai, sai infliximab, mai tsada, wanda kan farkar da tarin fukan da ke kwance.

Karkacewar fuska kan warware cikin makonni ko watanni. Wadda ta kama laka kuwa takan ɗauki shekaru ana magani, kuma yanke prednisolone farat ɗaya haɗari ne. Likita ne ke rage shi sannu a hankali.