Laxton: Ƙauyen Ingila da manoma ke cin junansu tara

A ƙarshen kowace shekara, idan sanyi ya kankama, manoma goma sha biyu da jagoransu sukan ɗauki guduma da turaku su shiga gonakin Laxton, wani ƙaramin ƙauye a yankin Nottinghamshire na Ingila. Inda turken iyaka ya ruɓe sai su kafa sabo. Inda garmar wani ta ci hanya, ko ta lashi gefen gonar maƙwabci, sai su rubuta sunansa. Bayan kwanaki kaɗan kotun ƙauyen, wadda ake kira Court Leet, takan zauna a mashayar Dovecote ta tabbatar da tara. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Kunyar jin sunanka a gaban maƙwabta ce ainihin hukuncin.

Laxton ne kaɗai ƙauyen da ya rage a ƙasar yana noma bisa wannan tsohon tsari a ƙarƙashin kotu. Manyan filaye uku ne babu shinge, an tsaga su dogaye-dogaye, rabon kowane manomi a warwatse. Ɗaya a shuka alkama, ɗaya wani amfanin, na ukun ya huta. A sauran ƙauyuka, dokokin killace filaye na ƙarni na 18 da na 19 sun share wannan tsari. Taswirar da Mark Pierce ya zana a 1635, wadda ke ɗakin karatu na Bodleian a Oxford, tana nuna yadda rabon yake tun wancan zamani.

Ƙauyen yana da zaɓaɓɓiyar majalisa irin waɗanda dokar 1894 ta kafa, sama da ita akwai majalisar gundumar Newark da Sherwood. Amma maganar iyakar gona ta kotun ce, kuma da dokar 1977 ta ƙwace ikon shari'a daga irin waɗannan kotuna, an tsame ta Laxton.

Rauninta yana wajen mai ƙasa, domin manoman 'yan haya ne. A 1952 filayen suka bar hannun gidan sarautar Manvers suka koma Ma'aikatar Noma, wadda ta riƙe su kusan shekara 30. Hukumar kadarorin masarauta ta karɓa a 1981, sannan a 2020 ta sayar wa gandun Thoresby na zuriyar Manvers. Duk ranar da mai ƙasa ya haɗe gonakin ya ba mutum biyu ko uku, ba za a sami goma sha biyun da za su ɗauki guduma ba.