Tiyon Birki na Baya: Yadda Za A Ɗaura Shi a Motar Daji

Motar ƙungiya ba ta ganin kwalta sai ranar shiga gari. Aikinta shi ne ɗauko taki kafin damina, da kwaso buhuna bayan girbi, da kai marar lafiya asibiti ko da tsakar dare. Hanyarta kuwa gargada ce da kwazazzabo. Direba ya kan duba man inji da ruwa da taya kowace safiya, amma da wuya ya leƙa ƙarƙashi ya ga wani ɗan tiyo baƙi mai kaurin yatsa. Shi ne ke kai man birki ga ƙafafun baya. Ran da ya tsinke a kan gangare, ga kaya ga mutane, ran nan za a san muhimmancinsa.

Me ya sa ake bukatar tiyo?

In direba ya taka birki, masta ta kan tura mai cikin siririn bututun ƙarfe, mai kaurin inci 3/16, wato milimita 4.75. Wannan bututu yana ɗaure a jikin shasi, ba ya motsi. Amma ƙafafun baya suna kan aksul, shi kuwa aksul yana hawa da sauka a kan sifirin. Ƙarfe ba ya jure lanƙwasa a kai a kai. Saboda haka sai aka sa tiyon roba ya zama gada tsakanin shasi da aksul.

A tsohuwar Land Rover mai sifirin ganye, wadda aka daina ƙerawa a 1985, tiyo uku ne: biyu a gaba, ɗaya a baya. Na bayan ya kan sauko daga shasi zuwa wata mahaɗa mai baki uku a kan aksul. Daga nan bututun ƙarfe biyu su rabu, ɗaya dama, ɗaya hagu. Da yawa daga cikin waɗannan tsofaffin motoci hanyar mai ɗaya gare su. In tiyon nan ya fashe, birkin ƙafa huɗu ya tafi gaba ɗaya. Motoci na baya-bayan nan suna da hanya biyu, birkin gaba zai rage, amma mota mai kaya ba za ta tsaya da wuri ba.

Inda ya kamata ya bi

Ku lura da mota sa'ad da take ƙetare kwazazzabo a karkace. Ƙafa ɗaya ta shige sama, ɗaya ta rataya ƙasa. Bakin aksul ne ke yin babban motsi, tsakiyarsa kuwa kaɗan take motsawa. Don haka wurin da ya fi dacewa tiyo ya sauka shi ne kusa da tsakiyar aksul. In mai ƙera motar ya riga ya sa mariƙi, a bi wurinsa.

Bututun ƙarfe da ke kan aksul a bi da shi ta sama ko ta baya, kada ta ƙasa ko ta gaba. Dutse da kututture ta gaba suke zuwa, sai aksul ya zama garkuwa. A kama bututun da kilif mai roba a ciki, kamar kowace ƙafa ɗaya. Bututun da aka bari yana rawa, a kwana a tashi zai tsage a gindin noti. Kada a ɗaure shi da waya, gama waya ta kan ci ƙarfe.

Tiyo kuma a nisanta shi da abu huɗu: salansa, don zafi, farfela, don tana juyawa, sifirin da shokab, don suna matsewa, da taya. Kowane bakinsa ya zauna daram a mariƙin ƙarfe, don kada nauyin jijjiga ya koma kan bututu.

Yadda ake auna tsawonsa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a auna tiyo mota tana tsaye a fili. A nan kome ya kan yi kyau. Gwaji uku ake yi:

1. A ɗaga shasi da jak har ƙafafun baya biyu su rataya. Tiyo ya kasance da sauran lanƙwasa, kada ya miƙe kamar tsirkiyar baka. In ka taɓa shi da yatsa, ya motsa.

2. A hau da ƙafa ɗaya kan tudu har aksul ya karkace sosai. A duba, sa'an nan a sāke da ɗayar ƙafar.

3. A loda wa mota cikakken kaya, a sāke leƙawa. Yanzu tiyo ya yi sako-sako. A tabbata bai karye ba, bai kwanta a kan salansa ba, kuma ba zai shiga tsakanin aksul da robar da ke tare shi a jikin shasi ba.

Gajere ya kan tsinke. Wanda ya cika tsawo kuma ya kan goga da ƙarfe, ko reshe ya fizge shi.

Gargaɗi: kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai ke riƙe da ita. A sa ƙafar ƙarfe ko katako mai kauri, a kuma tokare ƙafafun gaba da dutse. Birkin hannu na Land Rover farfela yake kamawa, ba ƙafa ba. In an ɗaga ƙafar baya ɗaya, mota tana iya gangarawa ko da an ja shi.

In an ɗaga mota

Wasu ƙungiyoyi su kan ƙara ganyen sifirin, ko su sa shokab mai tsawo, don mota ta ɗauki kaya ta kuma tsallake rami. Duk abin da ya bar aksul ya ƙara sauka ya ƙara wa tiyo aiki. Dole a sāke gwajin nan uku, a sayi tiyo mai tsawo in ana bukata. Tsohuwar Land Rover tana da ɗamara a kowane gefen aksul na baya, wadda ke hana shi wuce iyaka. In ta ruɓe a sa sabuwa. Tiyon birki ba igiyar riƙe aksul ba ne.

Toyota Hilux da Land Cruiser da yawa suna da wani bawul a baya, mai hannu da ke haɗe da aksul. Aikinsa rage ƙarfin birkin baya in mota ba kaya. In an ɗaga mota sai ya ɗauka kullum ba kaya, birkin baya ya yi rauni. Sai makanike ya sāke saita shi.

Kayan da za a saya

A sayi tiyon da aka yi domin birki. Mai kyau ya kan zo da alamar SAE J1401 a jikinsa. Tiyon fetur ba zai yi ba, gama ƙarfin man birki in an taka da gaske ya fi iskar taya kamar sau 30. Bututun jan ƙarfe zalla, irin na firij, ya kan taurare da jijjiga ya tsage. A nemi na baƙin ƙarfe, ko na jan ƙarfe gauraye da nikel. A kula da zaren noti: na tsohuwar Land Rover galibi na inci ne, na Toyota na milimita. In noti bai shiga da hannu ba, kada a tilasta shi da sifana. Araha ba ta ado.

Wajen ɗaurawa a yi aiki da sifana biyu, ɗaya riƙe da tiyo, ɗaya tana juya noti. Layin da ke jikin tiyo zai nuna in ya murɗe. Bayan haka a zuba mai irin wanda aka rubuta a murfi, DOT 3 ko DOT 4, a fitar da iska, a fara daga ƙafar da ta fi nisa da masta. Man inji ko na giya ya kan kumbura roba ya kashe birki. Daga ƙarshe mutum ɗaya ya danne birki da ƙarfi, ɗaya ya duba ko akwai yoyo ko kumburi.

Shawara ga ƙungiya

A sa wa direba doka ya leƙa tiyon nan kowane mako, da kuma duk ran da mota ta maƙale a laka. In ya ga tsagewa, ko danshi, ko wurin da ya goge, mota ta tsaya. A canja man birki duk shekara 2, domin yana shan ruwa daga iska. Ma'aji ya ajiye tiyo ɗaya da gwangwanin mai da ba a buɗe ba a akwatin mota. Dabarar nan ta doke bututu da guduma a toshe yoyo, mota ta ci gaba da ɗaukar mutane, a daina ta. Kuɗin tiyo kaɗan ne in an gwada shi da kuɗin mota, balle ran mutum. Rigakafi ya fi magani.