Mai gyaran keken ɗinki ne ya ceci mutum-mutuminmu

Ana saura kwana 2 gasa, igiyar robar da ke ɗaga ƙwallaye a mutum-mutumin ɗalibaina na Zangon Kumasi ta tsinke daidai mahaɗa. Da gam muka haɗa ta, ashe irin wannan roba ba ta jin gam.

Wani dattijo mai gyaran keken ɗinki ne ya nuna mana dabarar. A yanke igiyar ta ɗan gaza tsawon da ake so don ta ɗaure tamau. A ɗora bakunan biyu kan wuƙa mai zafi har su narke, a manna su, sannan a aske tudun mahaɗar.

"Malam, kar ku ja ta sai ta huce," in ji shi.

Har aka gama gasar ba ta sake tsinkewa ba.