Tsohuwar Fijo a Bayan Ɗaki: Za Ta Sake Tashi?

A gidaje da yawa na masu bi, daga Jos zuwa Zariya, daga Gombe har Maraɗi, akwai tsohuwar mota a bayan ɗaki, an ɗora ta bisa duwatsu, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Sau da yawa Peugeot 504 ce, wadda muke kira Fijo. Wata ta marigayi baba ce. Wata kuwa ta ekklesiya ce, ta kai masu bishara ƙauyuka, ta kai masu naƙuda asibiti da tsakar dare. 'Yan gwangwan suna zuwa suna tayawa, iyali kuwa sun rabu biyu: a sayar, ko a gyara?

Ana iya ta da ita a gida, amma sai an bi aikin daki-daki, an fara da abin da ido ba ya gani.

Me Ya Sa Ta Cancanci Wahala?

An fara ƙera 504 a Faransa a 1968. A 1975 aka buɗe ma'aikatar haɗa Peugeot a Kaduna, a wannan shekara kuma 504 ta ci babban tseren Safari a ƙasar Kenya, bisa hanyoyin ƙura da laka irin namu. An ci gaba da haɗa ta a Kaduna har bayan shekara ta 2000, da daɗewa bayan an daina yinta a Faransa. Domin haka har yanzu akwai tsofaffin makanikai da suka san ta ciki da bai, ana kuma samun kayanta a kasuwanni kamar Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano. Ba ta da kwamfuta. Mai sifana da haƙuri yana iya fahimtar kowane sashi nata.

Lissafi Tukuna

Ubangijinmu ya yi misali da mutumin da ya fara gini bai yi lissafi ba, ya kasa gamawa, ya zama abin dariya (Luka 14:28-30). Kafin a kwance noti ko ɗaya, maigida da uwargida su zauna tare da littafi da fensir. A kira makaniki mai gaskiya ya duba motar, a rubuta abin da ya lalace da kuɗinsa, a ƙara wani abu domin ɓarnar da ba a gani ba tukuna, gama lalle za ta fito. Kuɗin makarantar yara, da hatsin gida, da baikon Ubangiji, ba na mota ba ne. In lissafi bai fita ba, sayarwa ba abin kunya ba ne.

In an yarda a yi, duk abin da aka kwance a sa shi cikin gwangwani, a rubuta sunansa. Yara 'yan makaranta sun iya wannan aiki ƙwarai, ta haka kuma suke koyon tsari.

Jikin Mota

Ƙaramar 504 ba ta da shasi dabam kamar babbar mota. Jikin nan shi ne ƙashinta, in ya ruɓe ƙarfinta ya tafi. A cire kujeru da shimfiɗa, a duba ƙarfen da ake taka ƙafa, da ƙarƙashin ƙofofi, da gindin but, da wurin zaman batir, da inda shokazoban gaba suka kama jiki. A soka sukudireba. Inda ta shige, tsatsa ta ci.

A nan ne mutane da yawa sukan ruɗi kansu. Sukan cusa fila a rami, su goge, su fesa fenti, mota ta yi ƙyalli. Kyan ɗan maciji ke nan. Bayan damina ɗaya fenti zai kumbura, ranar haɗari kuwa fila ba za ta tsare kowa ba. Sai mai walda ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfe, ya sa sabo, a kankare har ƙarfe ya yi fari, a shafa jan fenti mai hana tsatsa. Kafin walda a cire batir, a sauke tankin mai, a kai shi nesa. Tankin da ya bushe ma yana iya fashewa saboda tururin fetur.

Inji da Giya

Motar da ta yi shekaru a tsaye, kada a yi gaggawar tayar da ita. A zubar da tsohon fetur da tsohon baƙin mai. A cire filogi huɗu, a zuba mai kaɗan a ramukansu, a bar shi kwanaki, sa'an nan a juya inji da sifana a hankali. In ya juya, mun gode Allah. In ya ƙi, kada a tilasta masa, sai a buɗe.

Injin 504 yana da wani alheri: fistin yana tafiya cikin kwanson ƙarfe da makanikai suke kira silif, ana kuwa iya zare shi a sa sabo, ba sai an yar da inji duka ba. Amma kan injin na alminiyam ne, zafi yana lanƙwasa shi. Saboda haka a wanke lagireto, a sake robobin ruwa. In baƙin mai ya yi fari kamar kunu, ruwa yana shiga, gaskit ya ƙone. A wanke kafireta, a sake man giyabos da na dif, a duba kuloci. Ƙarfin inji yana bi ta farfela zuwa ƙafafun baya, in ana jin kuka daga can, a bincika tun da wuri.

Birki Kafin Ado

Mota mai tashi wadda ba ta tsayawa, makara ce mai taya. A sake robobin birki da mansa duka, ko da sun yi kama da masu kyau. Kada a hura ƙurar tsohon birki da baki, gama tana iya ƙunsar asbesto mai cutar huhu. A goge da jiƙaƙƙen tsumma. Tayar da ta tsage saboda rana ta mutu, ko da zanenta bai cinye ba. A duba wayoyin wuta, gama ɓeraye suna son su.

Abu biyu kuma ba ma wasa da su. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita, sai an tokare ta da katako mai kauri. Kada kuma a bar inji yana aiki cikin rufaffen ɗaki, gama hayaƙinsa yana kisa ba tare da mutum ya farga ba.

Bayan waɗannan duka ne fenti da kujeru suke zuwa. Aikin yana iya cin shekara ko fiye, Asabar bayan Asabar. Sannu ba ta hana zuwa. Yaron da ya riƙe wa babansa fitila a wannan shekara zai koyi cewa ana gyara wurin da ba a gani da aminci ɗaya da wurin da ake gani. Wannan koyarwa ta fi motar daraja. Ranar da ta tashi, a sabunta takardunta, iyali su taru su yi addu'ar godiya, tafiyarta ta fari kuwa ta zama ta ɗauko wata tsohuwa da ƙafa ta hana ta zuwa sujada.