Ribar Baki da Ribar Littafi: Kafin Ka Sayi Sana'ar Wani

Duk wanda ya taɓa taya gidan burodi ko kamfanin ruwan leda ya san maganar nan: "Alhaji, bar ta littafi, ribar gaskiya ta fi haka." Daga nan mai sayarwa zai shiga tsamo wasu kuɗaɗen da aka kashe yana mayar da su cikin riba, wai ba hidimar sana'ar ba ce, ko kuma sau ɗaya abin ya faru.

Dalilin dagewarsa a fili yake. Kan ribar shekara ake yanka farashin sana'a, a ninka ta. A ce littafi ya nuna naira miliyan 6, shi ya gyara ta koma miliyan 10, kuka daidaita kan ninki 3. Miliyan 4 da ya ƙara da fatar baki ta zama miliyan 12 daga aljihunka.

Wani gyaran gaskiya ne. Ɗan kasuwarmu bai cika raba aljihunsa da na shago ba, daga akwati ɗaya ake biyan kuɗin makarantar yara, da cefane, da kujerar Umara. Waɗannan za su tafi tare da shi, in dai ya nuna shaidarsu a takardar banki. Tambayar da za ka auna kowane gyara da ita ke nan: ranar da na karɓi makulli, wannan kuɗi zai daina fita?

Gyaran janareta ba zai daina ba. Bana injin ne, baɗi murhu, shekarar da ke biye motar rabon kaya. Kowanne "sau ɗaya" ne, amma babu shekarar da ba ta da nata. Shi ya sa ya kamata a nemi lissafin shekara 3 a jere.

Shekarar 2023 ta isa misali. Ƙarancin takardun naira a watanninta na farko ya durƙusar da ciniki, ya kuma wuce, don haka mai sayarwa yana da hujja in ya ce a yi wa lokacin uzuri. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu daban ne, domin tsadar ta zo ta zauna. Haka ƙarin kuɗin wuta na Afrilun 2024, da ya kai naira 225 kan kowane kilowat a sa'a ga 'yan rukunin Band A. Wanda ya kawo maka ribar 2022 a matsayin ma'auni yana sayar maka da kasuwar da ta riga ta tashi.

Abin da ya fi damuna shi ne gyaran da ba a ambata. Ginin nasa ne, bai taɓa rubuta haya ba, kai kuwa za ka biya. Ƙaninsa ne manaja, ba shi da albashi sai ihisani. Shi kansa tun asuba yake bakin murhu. Duk waɗannan sai ka sa musu farashi ka cire daga riba.

Cinikin tsabar kuɗi da ya ce bai rubuta ba don gudun haraji kuwa, kar ka biya ko kwabo a kansa sai ka gwada shi da buhunan fulawar da ya sara. In ya dage ribar ta kai yadda ya faɗa, ku rubuta yarjejeniya gaban shaidu: ka biya farashin littafi yanzu, ragowar bayan shekara, in cinikin ya tabbatar da maganarsa.