Daga goyo zuwa tatata: kowane sabon ƙarfi na yaro da haɗarinsa

Ranar da jinjiri ya fara rarrafe, murna ake yi a gida. Kaka ta rangaɗa guɗa, uwa ta kira maƙwabta su zo su gani. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, daga wannan rana murhun da ke can ƙuryar tsakar gida ya zama kusa, haka ma bahon wanki, haka ma kwalbar da aka tura ƙarƙashin gado. Kayan gida suna nan inda suke jiya, yaron ne ya samu hanyar isa gare su.

A shekarar 2006 ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta bayyana sakamakon wani bincike da ta gudanar kan ƙananan yara masu ƙoshin lafiya a ƙasashe 5, wato Gana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka. An gano cewa yaro yakan zauna da kansa tsakanin wata 4 da wata 9, ya yi rarrafe tsakanin wata 5 da wata 13, ya yi tafiya ba tare da riƙo ba tsakanin wata 8 da wata 18. Wasu ƙalilan ma ba su yin rarrafe sam, daga zama sai tsayuwa. Wannan tazara mai faɗi ta isa ta kwantar da hankalin uwar da ke gwada ɗanta da na kishiya. Amma tana ɗauke da gargaɗi: babu mai sanin ranar da yaro zai yi abin da bai iya ba jiya, saboda haka gyaran gida ya kamata ya riga shi. In kuwa ya wuce wata 9 bai zauna ba, ko ya kai wata 18 bai taka ba, sai a nuna shi ga ma'aikatan lafiya wajen awo.

Tun wajen wata 4 jinjiri ke iya juyawa, kuma sau da yawa faɗowa daga kan gado ce ke sanar da uwaye hakan. Tabarma a ƙasa ta fi masa.

Wajen wata 9 yakan iya tsintar ƙaramin abu da yatsu biyu, kuma duk abin da ya tsinta baki ya nufa: ƙwayar gujiya, wake, tsakuwa, kuɗin ƙarfe, ƙaramin pil na agogo, wanda ke iya ƙona maƙogwaro cikin ƴan awoyi. Gujiya ba abincin ƙaramin yaro ba ce sai an daka ta. Idan jinjiri ya shaƙe har ya kasa kuka da tari, a kifa shi bisa hannu, kansa ya yi ƙasa, a buga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu sau 5. Lalube cikin baki da yatsa yakan ƙara tura abin ciki.

Hausawa na cewa yaro bai san wuta ba sai ya taka. Karin magana ce mai gaskiya, sai dai fatar ɗan shekara guda ba ta jure wannan karatu, domin ta fi ta babba taushi, ruwan zafin da zai bar wa uwa ja kawai shi zai saɓule masa fata. Daga shekara 1 zuwa 3 yaro yana tafiya, yana hawa, yana jawo abin da ke sama da shi, alhali bai san tsoro ba. A lokacin ɗari, daga Disamba zuwa Fabrairu, kaskon wuta na shiga ɗaki, tukunyar kunu na ajiye a ƙasa, murhun shayi na tsakiyar fada, man tuyar ƙosai na tafasa bakin ƙofa. In ƙuna ta auku, ruwa mai sanyi mai tsabta za a yi ta zubawa har minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a nufi likita. Ƙwai, man goge haƙori, toka da manja babu abin da suke ƙarawa sai ƙwayoyin cuta.

A wannan shekaru ne kuma ake shan guba. Kananzir ko esansi na ruwa-ruwa da aka zuba cikin robar lemo, ga yaro mai ƙishirwa lemo ne. Kada a sa shi amai, domin man yana iya komawa cikin huhu. Sodar haɗa sabuni ta fi muni: in an narka ta kamar ruwa take, kurɓi guda kuma yana iya ƙuntata maƙogwaro har yaro ya kasa haɗiye abinci shekara da shekaru. Wajen ajiyar irin waɗannan kaya sama ne, cikin abin da ke rufuwa.

Ruwa shi ba ya ƙara. Alƙaluman OMS sun nuna yara ƴan shekara 1 zuwa 4 ne suka fi kowa mutuwa ta nutsewa. Ba sai Gulbin Maraɗi ya kawo ba, ba sai tabkunan Damagaram sun cika da damina ba. Kan ƙaramin yaro yana da nauyi, in ya leƙa bokiti ko randa ya kife, ba ya iya fitowa, kuma ba a jin motsinsa. Zubar da ruwan wanki da rufe bakin rijiya ba su cin ko dala.

Rahoton da OMS da UNICEF suka fitar a 2008 ya ƙiyasta yara wajen 830.000 ke mutuwa kowace shekara a duniya sakamakon haɗurran da ba na ganganci ba, haɗarin hanya ne kuma a kan gaba. A nan akwai wata al'ada da ta cancanci a sake dubawa. Da an yaye yaro, ko an yi masa ƙane, sai a miƙa shi ga yayarsa ƴar shekara 6 ko 7, a kuma aike su kanti tare. Yaro bai cika iya ƙiyasta gudun mota ko na kabu-kabu ba sai wajen shekara 10. Yarinyar da aka ɗora wa reno ita kanta tana bukatar babba ya riƙe hannunta kafin ta tsallake titi.