Yadda Dick Gould Ya Mayar da Stanford Gidan Tanis

A wasan tanis mutum shi kaɗai yake tsayawa a bayan raga, in ya ci nasa ne, in ya faɗi ba shi da wanda zai ɗora wa laifi. Amma jami'o'in Amurka sun daɗe da mayar da shi wasan ƙungiya, kuma babu inda wannan tsari ya yi albarka kamar Jami'ar Stanford da ke jihar Kalifoniya. Daga 1973 zuwa 2000 ƙungiyar mazanta ta ɗauki kofin gasar jami'o'i ta NCAA sau 17, duka a hannun koci ɗaya, Dick Gould, wanda ya riƙe ta shekara 38, daga 1966 zuwa 2004. A ganina wannan tarihi aikin horarwa ne, kuma shi ya kamata a fara yaba wa kafin taurarin da suka bi ta hannunsa.

Lokacin da Gould ya karɓi aiki, jami'o'i biyu na birnin Los Angeles ne ke cin kasuwarsu. Daga 1960 zuwa 1971 kofin bai taɓa fita daga hannun USC da UCLA ba. Can ne Arthur Ashe da Stan Smith da Jimmy Connors suka yi wasa. Yaro mai hannu ba ya ko kallon Stanford. Gould ya dage har ya samu Roscoe Tanner, bahagon nan mai zafin bugun farko, sannan Sandy Mayer, wanda ya ci gasar ɗaiɗaiku a 1973, shekarar da kofin farko ya shigo gida.

Sai dai abin da ya sa nasarar ta ɗore yana cikin tsarin karawar kanta. Idan jami'o'i biyu suka haɗu, ana buga wasan ɗaiɗaiku shida da na bibbiyu uku. Gwanin da ke fili na ɗaya, inda 'yan kallo suka yi cincirindo, maki ɗaya yake kawowa. Yaron da ke can fili na shida, wanda ba kowa ya san sunansa ba, shi ma maki ɗaya. Saboda haka tauraro ɗaya ba ya ɗaukar kofi, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dole koci ya raini na biyar da na shida, ya haɗa abokan bibbiyu waɗanda jininsu ya haɗu, ya kuma shawo kan yaran da kowannensu ya taso yana ganin shi ne sarki a garinsu. Ƙungiyar 1998, wadda tagwayen nan Bob da Mike Bryan suke ciki, ta buga karawa 28 ba ta faɗi ko ɗaya ba. Irin wannan ba ya samuwa sai in ƙasan jerin yana da ƙarfi kamar samansa.

Wani zai ce ai gwanaye aka tara masa. John McEnroe ya kai wasan kusa da na ƙarshe a Wimbledon a 1977 tun bai shiga Stanford ba, shekara ɗaya kacal ya yi, ya ci gasar 1978 ya tafi. Gaskiya ne, ba Gould ya koya masa riƙon raket ba. Amma wannan hujja tana yanka ta baya: ɗalibi ba ya wuce shekara huɗu a ƙungiya, gwanaye ma ba sa kaiwa, don haka kofi 17 cikin shekara 28 yana nufin an rushe ginin an sake tayar da shi sau da yawa. McEnroe ya tafi, aka ci a 1980 da 1981 da Tim Mayotte. Shi ma ya tafi, aka ci uku a jere daga 1988, sannan huɗu a jere daga 1995.

Akwai kuma masu cewa kuɗi ne da hasken ranar Kalifoniya. Su ma suna da abin faɗa, domin jami'ar mai arziki ce, kuma takardar shaidarta tana jan hankalin iyaye. To amma arzikin da ranar suna nan kafin 1966, lokacin da Los Angeles ke kwashe komai, suna nan kuma har yau. Tun daga kofin 2000 an shafe fiye da shekara ashirin Stanford ba ta sake ɗaga shi ba, yayin da USC ta ci huɗu a jere daga 2009 zuwa 2012, daga baya kuma ta kai jimillar 21.